Gurbi Ɗaya a Makarantar Sana'a ta Rafin Marke

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku yau a Rafin Marke aka yi shi, lokacin ina shugaban ƙungiyar iyayen yara na makarantar sana'a ta garin. Wani a gabana ya faru, wani kuma daga bakin masu abin na ji shi.

Gwamnati ce ta gina makarantar tun muna samari. Ana koyar da kafinta da walda da gini da gyaran mota, daga baya aka ƙara ɗinki saboda 'yan mata. A zamanin da take tashe, da wuya ka shiga gida a yankin nan ba ka ga ƙofa ko taga da ɗalibinta ya ƙera ba. Yara sun kai ɗari shida. In ka bi ta bayan katanga da hantsi, ƙarar injuna ba ta barinka ka ji sallamar mutum.

To amma makarantar sana'a ba irin sauran makarantu ba ce, inda allo da alli suke isar malami. Ita sai da katako, sai da ƙarfe, sai da yadi da zare da man inji, kuma duk abin da yaro ya koya da shi ya lalata shi kafin ya iya. Kuɗin da ake tafiyar da ita ta hanya uku yake shigowa. Akwai na gwamnati, wanda ake bayarwa gwargwadon yawan yaran da ke cikin rijista. Akwai abin da makarantar take ƙerawa ta sayar. Sannan akwai ɗan abin da mu iyaye muke haɗawa bayan kaka.

Taransifomar unguwar ce ta fara ƙonewa, aka yi ta alkawarin gyara ba a yi ba. Janaretan makaranta ya ja shekara biyu shi ma ya tsaya. Da injuna suka yi shiru, ba abin sayarwa. Yara suka ga sai dai a zana musu injin a allo, suka fara zamewa, manyan suka nufi ramukan haƙar zinariya, wasu suka kama acaɓa. Da yara suka ragu, na gwamnati ya ragu. Sai kuma damina ta yi gardama shekara biyu a jere, iyaye ba su da abin ci balle na haɗawa. Malaman da ke da wani a sama duk suka nemi canjin wurin aiki. A shekarar da nake ba ku labari, yara tamanin da uku suka rage, ciyawa ta cinye filin ƙwallo, jemagu sun tare a ɗakin kafinta.

Firinsifal ɗin, Malam Ɗantani, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ban da shi da waɗansu dattawa uku masu jiran ranarsu, malamai uku ne suke riƙe da makarantar, kuma dukansu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Mu iyaye muke ba su ɗan abin da ya samu. Akwai Malam Hambali mai koyar da walda da gyaran inji, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Akwai Malama Kubura mai koyar da ɗinki, wadda ba gidan da ba a san muryarta ba a garin. Akwai kuma Malam Jazuli mai lissafi da zanen gini, siriri, mai sanyin hali, shi ne ƙarami a cikinsu. Su ukun duk a makarantar suka yi karatu.

Da faɗuwar ruwan farko takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi. An ce duk makarantar sana'ar da ba ta tsaya da ƙafarta ba za a rufe ta a ƙarshen shekara. In ana so a bar ta, sai an cika sharuɗɗa uku kafin a rufe kasafin kuɗi. Sai sufeto ya zo ya ƙirga yara ɗari biyu da idonsa. Sai ya tarar da injuna suna aiki, an kuma nuna masa shaidar makarantar ta samo kuɗin kanta. Na uku, sai fayil ɗin makarantar ya bi ofis-ofis a babban birnin jiha an mayar da sunanta cikin kasafi, domin ashe an riga an cire shi. In ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi.

Malam Ɗantani ya karanta mana, ya cire tabarau ya aje a kan tebur, ya ce, "To, Baba Ciyaman, kun ji. Ni dai ban ga ta inda za mu ɓullo ba."

Can Malama Kubura ta ce ita a bar mata yara. Malam Hambali ya ce a ba shi makullin ɗakin janareta. Malam Jazuli ya ɗauki fayil ɗin ya kaɗe masa ƙura, ya tambaya ko akwai kuɗin mota. Muka haɗa masa na zuwa kawai.

Bari in fara da Malama Kubura. Shekara goma sha biyu da aurenta da Malam Nasidi, direban babbar mota, Allah bai ba su haihuwa ba sai a wannan shekarar. Cikin yana wata uku lokacin da takardar ta zo. Mijin ya ce ta zauna a gida, a tura namiji. Ta ce, "Malam, namiji a zaure zai tsaya. Maganar yara kuwa a cikin gida ake yanke ta, wurin uwaye. In ban shiga ba, ba wanda zai shiga." Bai hana ba, bai kuma ce ya yarda ba.

Haka ta shiga ƙauyuka a bayan babur, cikin damina, hanyoyi duk sun zaizaye. Ta je ƙauye talatin da ɗaya. Wani wurin a ba ta tabarma, wani wurin ko ruwa ba a ba ta. A Unguwar Tsamiya wani dattijo ya ce mata, "'Yar nan, ɗana na fari can ya yi shekara uku, ya dawo bai taɓa riƙe injin da ke motsi ba. Yanzu yana ramin zinariya, ko ba komai yana aiko mana da gero. Me zan ce wa ƙanensa?" Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce gaskiya ya faɗa, amma ya ba ta yaron zango ɗaya, in ya dawo hutu bai iya haɗa ƙarfe biyu ba, a zo har gida a kunyata ta a gaban mijinta. Sau uku ta koma gidan kafin ya yarda.

Da haka take yi, sunanta take jinginarwa gida-gida. Na nesa suka ce ina yaran za su kwana, makarantar ba ta da ɗakin kwana. Ta bi mutanen gari tana roƙo aka rarraba mazan, 'yan mata goma sha huɗu kuwa ta kwashe su zuwa gidanta, ta ba su ɗakinta da na baƙi, tana ciyar da su daga rumbun mijinta.

Saura mako biyu sufeto ya zo, yara ɗari da tamanin da uku ke hannu. Ƙauyukan da suka rage suna tsallaken kogi ne, kuma an yi kwana uku ana ruwa. Na ce mata ta haƙura haka, ko sufeton zai yi mana sassauci. Ta ce, "Baba, wanda zai zo ƙirga zai yi, ba tausayi aka aiko shi ba." Ta tafi. A wata gangara babur ya zame da su, ta faɗi a kan duwatsu. Ta tashi ta gyara mayafi, ta ce wa mai babur su ci gaba. Ta rubuto yara ashirin da ɗaya a ƙauyuka biyu, ta dawo da la'asar tana dafe da ciki. Bayan kwana biyu cikin ya zube, yana wata shida, namiji. Likita ya gaya wa mijin cewa da wuya ta ƙara samun wani.

Malam Nasidi bai sake ta ba, bai ko ɗaga mata murya ba. Sai dai ya koma karɓar lodin nesa, ya yi wata biyu bai leƙo gida ba, in ya zo kuma gaisuwa ce kawai. Ranar da sufeto ya zo, tana tsaye a bakin ƙofar makaranta, ta jingina da katanga don ba ta gama warkewa ba, tana kiran yaran da sunayensu da sunayen ƙauyukansu. Sufeto ya ƙirga ɗari biyu da huɗu.

Shi kuwa Malam Hambali, da ya buɗe ɗakin janareta ya tarar ɓeraye sun cinye wayoyi, tsatsa ta kama komai. Ya kwance injin gaba ɗaya ya shimfiɗa a kan buhuna, ya rubuta abin da ake bukata ya kai wa firinsifal. Malam Ɗantani ya duba ya ce ko rubu'in wannan babu a asusun makaranta. Malam Hambali ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu.

Yana da wata gona a fadama, gadon mahaifinsa, ita ke ciyar da 'ya'yansa shida, domin abin da muke ba shi ko cefane ba ya isa. Ya sayar da ita da shukar a ciki. Ni sai bayan an gama ciniki na ji. Na same shi na ce, "Hambali, ka yi hankali kuwa? Makarantar gwamnati ce, ba ta ubanka ba." Ya ce, "Baba, ubana bai koya mini komai ba sai noma. Abin da nake ci da shi a nan aka koya mini." Ya sayo kayan gyara da man inji da ƙarafa. Ranar da janaretan ya tashi, mutane suka fito daga gidaje suna tambayar me ya faru.

Tashin inji kaɗai ba zai gamsar da sufeto ba, sai an ga kuɗin da makarantar ta samo. A lokacin 'yan kasuwar garin suna gina sababbin rumfuna, suna neman mai yi musu ƙofofin ƙarfe ɗari da ashirin. Sun riga sun yi magana da wani a birni. Malam Hambali ya je ya karya farashi, ya ce in bai gama kafin Babbar Salla ba kada su ba shi ko kwabo. Suka yarda, don ba abin da za su yi asara.

Gilashin walda biyu ne kacal a duk makarantar. Ya ba yara su, suna karɓa-karɓa, domin ya ce ba zai mayar wa iyaye da 'ya'yansu da ciwon ido ba. Shi da wani baƙin tabarau na kasuwa yake aiki. Kullum idanunsa jawur, suna zubar da ruwa, matarsa tana ɗiga masa abin da aka ce mata yana magani. Saura ƙofa goma sha tara, yana goge bakin ƙarfe da inji, wani ɓarɓashi ya yi tsalle ya shige idonsa na hagu. Yara suka ce a tafi asibiti. Asibitin ido kuwa yana birni, in ya tafi sai an kwantar da shi, Salla saura kwana tara. Ya ɗaure idon da tsumma ya koma kan aiki da ido ɗaya.

An kai ƙofofin ana gobe Salla. Kuɗin ya shiga asusun makaranta, aka karɓi rasit, shi ne abin da aka nuna wa sufeto, yana tsaye injuna suna ruri a bayansa. Bayan Salla muka kai Malam Hambali asibiti. Likita ya ce da an zo a kwana biyun farko da an ceci idon. Na hagun ya tafi, na daman kuma ya yi rauni, sai ya kawo abu kusa da fuska yake gane shi.

Saura Malam Jazuli. Shi ya zaci mako ɗaya zai yi a babban birni, sai da ya yi wata huɗu. A shagon wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi yake kwana a kan buhuna, da safe ya wanke rigarsa ɗaya tilo mai kyau in ta yi datti, ya jira ta bushe, ya tafi ma'aikata a ƙafa. Yau a ce masa mai sa hannu ya tafi taro, gobe a ce ya tafi ta'aziyya. Sau biyu fayil ɗin yana ɓacewa, shi da kansa ya shiga ɗakin ajiya da izinin masinja ya tono shi a ƙarƙashin tarin takardu. A nan ya gano dalilin cire sunanmu. Wani jami'i ne, shekara uku da suka wuce, ya rubuta rahoto daga kujerarsa cewa makarantar Rafin Marke ta daina aiki, alhali bai taɓa taka garin ba. Gyara wannan layi ɗaya sai da ya ci sa hannun mutum bakwai.

Da zaman benci ya ishe shi, sai ya fara taya akawuna aiki. Wannan ya gyara masa lissafi, wancan ya buga masa takarda. Labarinsa ya kai kunnen daraktan makarantun sana'a, wani dattijo mai suna Alhaji Maikano. Ya sa aka kira shi, ya ba shi wani lissafi da ya gagari ofishin mako guda, ya warware shi kafin azahar.

Daraktan ya dube shi ya ce, "Malam, irinka muke nema a nan. Zan gaya maka gaskiya. Alfarma ɗaya nake da ita wurin babban sakatare a bana, ba zan iya shiga sau biyu ba. Ko in shiga da sunanka a ɗauke ka aiki na dindindin a ofishin nan, ko in shiga da fayil ɗin nan naka. Makarantar nan ko an ba ta kuɗi bana, ban san baɗi ba. Ka je ka yi tunani."

Shekara takwas Malam Jazuli yana neman aikin gwamnati. Yana da mata da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya cikin gidan mahaifinsa. Ya ce mini ya fita ya zauna a gindin wata bishiya a harabar ma'aikatar har aka tashi daga aiki. Washegari ya koma ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. A shiga da fayil ɗin. Mutane sun haɗa mini kuɗin mota, suna jirana." Daraktan ya girgiza kai, ya karɓa.

Aka sa ranar da kwamitin kasafi zai zauna. An gaya masa dole a sami wani daga makarantar da zai amsa tambayoyi, in aka kira ba kowa, za a tsallake, sai wata shekarar, mu kuwa ba mu da wata shekarar. Da sassafe ranar yayansa ya bugo masa waya, ya ce jikin mahaifinsu ya rikice, yana ta kiran sunansa, ya kamo hanya yanzu. Tafiyar awa biyar ce. Malam Ɗantani yana kwance da hawan jini, ba mai maye gurbin Malam Jazuli, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin fayil ɗin sai shi. Ya ce wa yayansa zai taho da an gama.

Ba a kira Rafin Marke ba sai bayan la'asar. Ya tashi ya amsa duk abin da aka tambaye shi, ya nuna rahoton sufeto da rasit ɗin ƙofofi, aka mayar da sunan makarantar. Da ya fito ya kunna waya, ya tarar tun kafin azahar mahaifin ya cika, har an kai shi. Ya iso gida washegari. Mahaifiyarsa ta amsa gaisuwarsa ba ta ɗago kai ba. Yayansa ya ce masa a gaban masu zaman makoki, "Sannu da zuwa, ma'aikaci. An ba ka makarantar?" Yayan nan ba shi da lafiyar aiki, saboda haka gidan mutum goma sha ɗaya ya dawo wuyan Malam Jazuli.

Ba a rufe makarantar ba. Kuɗin ya zo bayan wata biyar, bai kai rabin abin da aka rubuta ba, amma ya zo. Mun yi murna ta mako guda.

Sai ga takarda ta biyu. An ce tunda gwamnati ta karɓi nauyin makarantar, daga yau an haramta karɓar ko sisi daga hannun iyaye. Duk abin da aka ƙera aka sayar, kuɗin asusun jiha zai tafi kai tsaye. Ba a yarda wani ya shiga aji ko ɗakin injuna ba sai mai takardar ɗaukar aiki, saboda haka a sallami malaman wucin gadi. A ƙasan takardar aka ce, don a rage raɗaɗi, an ba makarantar gurbin ma'aikaci ɗaya. Firinsifal ya aiko da suna ɗaya cikin kwana goma, in ba haka ba a ba wata makarantar.

Ba irin ƙoƙarin da ba mu yi ba. Na je birni da kaina, na tarar Alhaji Maikano ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ko kujera bai ba ni ba. Muka ce ko a ɗauki ɗaya su raba albashin uku. Da muka ji yawan albashin, muka ga gida ɗaya ma da ƙyar zai riƙe, sauran biyun kuma ko sun yarda su yi aiki kyauta, doka ta hana su shiga aji.

Malam Ɗantani ya tara su a ofishinsa, ni ma ina zaune. Ya karanta musu takardar. Ya ce, "Ni ba zan iya zaɓa ba. Ko akwai wanda zai ce wani abu?"

Malam Hambali ya karkato da kai, don ya gan mu da idon da ya rage, ya ce shi ba shi da magana. Malama Kubura tana kallon ƙasa, ta ce duk abin da aka yanke daidai ne. Malam Jazuli ya juya yana kallon taga. Ba wanda ya ce a ba shi. Amma ku lura, ba kuma wanda ya ce a ba wani, domin kowannensu ya san abin da zai tarar a gida in ya fita hannu wofi. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya, ranar kowa hanyarsa daban ya bi.

Gari ya rabu uku. Masu goyon bayan Malama Kubura suka ce makaranta ai yara ce, ba don ita ba sufeto bango zai ƙirga. Ta rasa ɗan da ta jira shekara goma sha biyu, gidanta ya yi sanyi, in aikin nan ya tafi ba abin da ya rage mata. Suka ƙara da cewa iyayen ƙauye ita suka ba 'ya'yansu, ba gwamnati ba. Ranar da aka ji ta bar makarantar za a zo a kwashe su, kuɗin baɗi kuma da yawan yara za a auna shi.

Masu goyon bayan Malam Hambali suka ce yaran da ta kawo, da sun tarar da injuna a mace, da ba su kai hutun farko ba. Ya ba da gonarsa, ya ba da idonsa. Mai ido ɗaya mai rauni, wa zai ɗauke shi walda a kasuwa? Gonar da zai koma babu, ga 'ya'ya shida. Kuma duk garin ba wanda ya san cikin janaretan nan sai shi, ko da lalube yana gane ciwonsa. In ya tafi, ranar da injin ya sake tsayawa ya tsaya ke nan.

Masu goyon bayan Malam Jazuli suka ce da yara da injuna duk a banza ne in sunan makaranta ba ya cikin kasafi. Sauran biyun abin da ya same su ba su san zai same su ba, shi kuwa an aje masa aikin a gabansa, da idonsa a buɗe ya ture shi saboda makarantar. Abin da ake rabo a kai yanzu, irinsa ya bayar. Bai ga gawar mahaifinsa ba, har yau mahaifiyarsa ba ta sake masa fuska ba. Sannan kasafi kowace shekara ake yinsa, kuma shi kaɗai ya san ƙofar da ake bi da wadda ba a bi.

Kwana tara suka wuce. Ran na goma da safe Malam Ɗantani ya aiko a kira ni. Na same shi a ofis, ya rame, takardar tana gabansa, an cike ko'ina sai layin suna. Direban motar da za ta kai saƙo birni yana waje yana jira. Ya turo mini takardar da biro, ya ce, "Baba Ciyaman, ku kuka ɗauke su, ku kuka san su tun suna yara. Faɗi suna in rubuta."

Ta taga ina hango su ukun, don ba wanda ya fasa zuwa aiki a kwanakin nan. Malama Kubura tana zaune a baranda tana nuna wa wata yarinya yadda ake yanka hannun riga. Malam Hambali yana tsugune yana shafa wani ƙarfe da yatsunsa, yana gaya wa yara inda haɗin bai kama ba. Malam Jazuli yana jikin allo, ya juya mana baya.

To, jama'a, ga biro a hannunku. Tsakanin Malama Kubura da Malam Hambali da Malam Jazuli, sunan wa za ku rubuta, kuma me za ku ce wa biyun da kuka bari?